Horn da Schunck: motsin mota yana malala kan bango

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fama da hanyar Horn da Schunck ta 1981 wajen auna motsi tsakanin hotuna biyu na bidiyo: mota tana wucewa gaban bango. Idan na ƙara alfa, wato nauyin santsi, lambar da ke sa ɗigogin hoto da ke maƙwabtaka su yi motsi kusan iri ɗaya, sai motsin ya malala kan bangon da ko gezau bai yi ba. In na rage kuwa, sakamakon ya cika da dabbare-dabbare.

Na gwada dabarar Perona da Malik don yaɗuwar ta tsaya a gefen motar, amma da tazarar lokaci ta kowane matakin lissafin ta wuce 0.25 sai lambobin su haukace. Lissafina ne da kuskure, ko motar ce ke tsallake fiksel (ɗigogin hoto) da yawa tsakanin hotunan biyu, sai na fara da ƙanƙantattun hotuna tukuna? Don Allah a agaza.