"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar": har da a siyasa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar yau kowa ya san ta: "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Na kawo ta ne saboda yadda ake ja-in-ja a kanta a Kano. Tun da rikicin masarauta ya dawo ɗanye a watan Mayun 2024, aka mayar da Sarki Sanusi Gidan Rumfa, Sarki Aminu kuma ya zauna a gidan Nasarawa, akwai gidajen da wa da ƙani ba sa zama a tabarma ɗaya. Zaurukan WhatsApp na dangi sun rabe biyu. Duk dattijon da ya zo sulhu, da wannan karin maganar yake buɗe baki. Wasu su ce ta faɗa daidai, wasu su ce da ita ake rufe bakin wanda aka cuta. Masana, ina iyakarta?

Malam na Zaure:
Wa alaikumus salam. Asalinta a kan jini ake faɗinta. Yaro ya lalace, ya shiga sata ko shaye-shaye, uba ya rantse ya sallama shi, sai manya su ce masa haba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka lura ba su ce yaron yana da gaskiya ba. Sun yarda ya ɓaci, abin da suka hana shi ne zubar da shi. Ni a ganina ta hau kan siyasa daram, domin wanda kuke gardama da shi a kan jar hula ko tsintsiya, shi ne zai riƙe maka makara gobe.

Ɗan Gama:
Allah ya gafarta Malam, da izininka ban yarda ba. A asibitin ƙashi na Dala kullum ana yanke hannu da ƙafa don a ceci sauran jiki. Ni a Gama nake. A zaɓen gwamna na 2019 Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'u sama da 26,000 aka ce zaɓe bai kammala ba, aka sake shi a wasu mazaɓu, har da tamu ta Gama, ranar 23 ga Maris. Ba sai na ba kowa labarin abin da masu sa ido da 'yan jarida suka gani a ranar ba. Abin da idona ya gani shi ne wani yaro da muka yi makarantar allo tare, da gora a hannu, ido ya yi ja, yana korar mata daga layi. Cikinsu har da ƙanwar mahaifiyata, takalminta ɗaya a can ta bar shi. Yau a ce mini wannan hannuna ne? Duk sanda na ji an kawo karin maganar nan, wanda aka daka ake nufi da ita, ba a taɓa zuwa wurin mai gorar a karanta masa ba.

Baba Tsohon PRP:
Ɗana na Gama, Allah ya huci zuciyarka. Ban ce ka yi ƙarya ba, amma bari tsoho ya ba ka abin da ya gani.

Mu mun taso iyayenmu suna ba mu labarin NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950. Mutum zai faɗi ra'ayinsa a kasuwa, 'yan doka su kai shi gaban alƙali, a ɗaure shi a kan wai ya zagi sarki. An raba aure a kan NEPU da NPC. Mu kuma namu rabon shi ne Santsi da Taɓo, bayan PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979 ta kuma dare gida biyu. Ni ɗan Taɓo ne, ina bayan Malam Aminu. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan Santsi ne, ba ya jin kira in ba na Gwamna Abubakar Rimi ba. Shagonmu ɗaya a Kantin Kwari, sai da muka raba shi, aka ja zare aka rataya atamfa a tsakani. Abinci daga gida ɗaya ake kawo mana, amma kwano biyu.

Ranar 10 ga Yulin 1981 gari ya kama da wuta a kan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado. Aka ƙona gidan rediyo da ma'aikatu, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara, a gidansa. Mutumin da ko masu adawa da shi sun san mai ilimi ne. Malam Aminu ya rasu a Afrilun 1983. Rimi ya koma NPP ya tsaya, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi. Muka yi ta murna wata uku kacal, soja suka karɓe mulki a ƙarshen Disamba, aka kwashe Rimi da Sabon duka aka kai kurkuku. Santsi a ɗaure, Taɓo a ɗaure, mu kuma ga mu a shago da atamfa a tsakaninmu. Yayana ne ya fara miƙa hannu ya sauke ta, Allah ya jiƙansa. Shekarun da muka yi ba ma magana su ne abin da nake kuka a kai har yau, domin ba su dawowa.

Ɗan Gama:
Amin Baba, Allah ya kai haske kabarinsa. Amma yayanku ra'ayi ya bambanta da naku, bai ɗauki makami ba. Wanda ya cinna wa gidan Dakta Bala wuta fa? Shi ma hannu ne?

Inna Mai Ƙosai:
Ku maza kuna ta maganar yanka da rashin yanka, kun manta akwai jinya a tsakani. Hannu in ya ruɓe wanke shi ake yi, a matse mugunya, mai shi yana ihu, a sa magani a ɗaure. Wannan aikin mu mata aka bar wa.

Bikin 'yar yayata da aka yi bayan zaɓen 2023, anko ya kusa raba mu. An fitar da atamfa mai ja, launin 'yan jar hula, dangin ango suka ce da gayya aka yi, sai an canza. Ni na ɗauki ƙafa na je gidan uwar angon da daddare, na same ta tana tankaɗe, na zauna na karɓi rariyar muka ƙarasa tare. Sai da muka gama na ce mata, Yaya, ni da ke wa ya san mu a gidan gwamnati? Ta yi shiru, can ta ce a bar ankon yadda yake. Ban canza ra'ayina ba, ba ta canza nata ba, kowa ta san inda 'yar'uwarta ta dangwala. Zumunci a ƙafa yake, ba a kan allon waya ba.

Kuma ɗana na Gama, kada ka ɗauka haƙuri shiru ne. Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta, an doke ta, an aske mata kai, ba ta daina magana a kan 'yancin mata na jefa ƙuri'a ba, har Allah ya nuna mata matan Arewa a layin zaɓe a 1979. Faɗin gaskiya daban, ƙiyayya daban. Amma yaron nan mai gora, uwarsa tana nan? Ka taɓa tunanin yadda ta kwana a ranar?

Ɗan Fagge:
Inna kin taɓo wani abu. Kwankwaso da Ganduje tare suka yi mulki daga 1999 zuwa 2003, suka sake daga 2011 zuwa 2015, gwamna da mataimaki, kafin su ɓata. Shekarau ya shiga NNPP wurin Kwankwaso a 2022 bayan shekaru suna adawa, bai yi wata huɗu ba ya fice. Su a wurinsu ƙofa ba ta rufuwa. Mu ne a ƙasa muke ƙin zuwa ta'aziyyar juna. Waziri Ibrahim na GNPP tun 1979 yake kiran "siyasa ba da gaba ba", amma kamar manyan ne kaɗai suka ji.

Bamaraɗe:
Ina gaishe ku daga Maraɗi. Mu nan mun ji wannan karin magana a jikinmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO, wato ECOWAS, ta sa mana takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, har ana maganar yaƙi. Ni kakata 'yar Jibiya ce. A gidanmu ma an rabu, wasu na bayan soja, wasu na cewa a saki Bazoum. Amma abin da ba zan manta ba, sanatocin Arewa da sarakuna da malamai suka tashi suka ce ba za a yaƙi Nijar da yawunsu ba. Malamai suka zo har Yamai. Da yawansu ba sa goyon bayan juyin mulki, sun faɗa kuwa, amma sun ƙi a yanke hannun. A Maris na 2024 Najeriya ta buɗe iyakarta. Don haka ni ina ganin "hannunka" ya wuce 'yan ɗaki ɗaya. Katsina da Maraɗi ma hannu ne da hannu.

Ɗan Gama:
Duk na ji. To a 2011 fa? Bayan zaɓen shugaban ƙasa an kashe mutum sama da 800 cikin kwana uku, kamar yadda Human Rights Watch ta ƙirga. Zonkwa, Kafanchan, Zariya, da 'yan bautar ƙasa a Bauchi. Wa aka hukunta hukuncin da zai hana wani? Ni tsorona shi ne kullum mu ce a yi haƙuri, gari zai waye, su kuma masu ba yara ƙwaya da kuɗi su san ba abin da zai biyo baya.

Malam na Zaure:
Nan kam ina tare da kai, kuma karin maganar ba ta saɓa maka ba. Ba ta ɗauke hukunci. Uban da aka hana ya sallama ɗansa ba a hana shi kai shi gaban hukuma ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta. Sahabbai suka tambaya yaya za a taimaki azzalumi, ya ce ka hana shi zaluncin. To ka ga riƙe hannun mai gora shi ne taimakonsa. Inda ka yi gaskiya shi ne mu dattawa mun fi zuwa wurin wanda aka cuta, saboda shi ne mai sauƙin lallashi. Zuwa ƙofar mai gidan yaran a faɗa masa ya ji tsoron Allah, wannan yana buƙatar zuciya, kuma ita ce ta yi mana ƙaranci.

Akwai masu ita. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi a Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye maƙwabtansa, yawancinsu Kiristoci, su 262, a masallaci da cikin gidansa. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, tsoho mai shekara sama da 80 ya tsaya a ƙofa ya ƙi, yana roƙonsu har suka tafi. Bai tambayi kowa jam'iyyarsa ko addininsa ba kafin ya buɗe ƙofa. Ƙasar da take da irin wannan tsoho ban ga dalilin yanke mata ƙauna ba.

Baba Tsohon PRP:
Ɗana, ka tambaye ni wanda ya cinna wuta. Shi sai kotu, kuma Allah na jiransa. Amma yaron unguwarku ka bincika nawa aka ba shi a ranar. In ka ji kuɗin, tausayinsa zai kama ka ko ba ka so. Irinsu na gani da yawa, zaɓe na wucewa ba mai ƙara ɗaga musu waya.

Ɗan Gama:
Na san nawa ne Baba, bai kai kuɗin buhun shinkafa ba ko a wancan lokacin. Yana nan, yanzu faci yake yi a bakin titi, ƙafa ɗaya ta samu matsala. In na wuce yakan sunkuyar da kai. Sallama zan iya yi masa, in bai da lafiya zan iya dubo shi. Amma kafin mu ci tuwo kwano ɗaya sai ya je ya durƙusa gaban innata ya nemi gafara, don ita ya kora ba ni ba. Kuma zaɓe mai zuwa ina bakin akwati tun asuba, ko da wa za a turo. Inna, uwarsa tana nan, a layin bayanmu take. Zan sa matata ta leƙa ta.