Ƙarin lokacin miƙa takardar haraji: na maƙale a wajen kiyasi

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka, don Allah wanda ya san harkar haraji ya taimaka min.

Ɗinki nake yi a gida. Ranar 15 ga Afrilu, wato ranar ƙarshe ta miƙa takardar haraji, ta ƙarato, ni kuwa rasit ɗina na cikin kwalin takalmi a hargitse, wasu ma tawadar ta dushe, sai na kai su bakin taga nake iya karanta kuɗin. Ba yadda za a yi in gama lissafin Schedule C (fom ɗin da mai sana'ar kansa ke nuna riba ko asararsa) kafin ranar.

Na gane fom 4868 zai kai ni 15 ga Oktoba, amma lokacin miƙa takarda kawai yake ƙarawa, kuɗin dole a biya a Afrilu. To fom ɗin yana so in rubuta kiyasin harajina, alhali ban ma san ribata ba. In kiyasin ya gaza, ƙarin lokacin zai rushe ne, ko tarar rabin kashi 1 cikin 100 a wata da kuɗin ruwa ne kawai za su hau kaina? Ruwan nan ya fi damuna wallahi.

Sannan ɗakin ɗinkin, yara kan kwana a ciki in mun yi baƙi. Hakan zai hana ni sa shi cikin kuɗin da sana'a ta ci?