Waɗanda suka taɓa zuwa Gozo da Komino, me kuka tarar?

Ɗalibi a Italiya: Assalamu alaikum. Ina shirin yin hutu a ƙananan tsibiran Bahar Rum, musamman Gozo da Komino na ƙasar Malta, domin iyo da tafiyar ƙasa, don haka ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa su faɗa mana abin da suka gani da idonsu.

Hajiya daga Ingila: Wa alaikumus salam, ɗana. Mun je Komino da yarana a watan Agusta, kuma ba zan ba kowa shawarar wannan watan ba. Ruwan Blue Lagoon, shahararren wurin iyo na tsibirin, garai-garai yake har ana ganin yashin ƙasa, amma kafin hantsi jirage sun sauke jama'a ta yadda wurin ajiye jaka ma sai an nema, ga shi babu inuwa, domin tsibirin dutse ne da ƙananan tsirrai. Abin da ya fanshe mu shi ne takawa zuwa hasumiyar Santa Marija da aka gina a 1618, inda muka sami iska da sarari. Tun 2025 sai mutum ya yi rajista ta intanet kafin ya sauka a Blue Lagoon, kodayake kyauta ce.

Malamin jami'a: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ni na fi son Gozo nesa ba kusa ba. Jirgin ruwan da ke tashi daga Ċirkewwa, a babban tsibirin Malta, yana kai mutum Mġarr, tashar jiragen ruwa ta Gozo, cikin kimanin minti 25. Na je a Afrilu, lokacin da gonaki suke kore shar, na bi hanyar da ke bakin tsaunin Ta' Ċenċ ba tare da zafi ya galabaitar da ni ba, amma da na tsoma ƙafa a ruwan Ramla, bakin teku mai jan yashi, sanyi ya koro ni. Mai son haɗa iyo da tafiya ya jira ƙarshen Satumba, domin a lokacin rana ta yi sauƙi, teku kuwa bai huce ba tukuna. Kada ka bar Ġgantija, wuraren bautar da suka girmi dalar Masar. Shahararren dutsen nan mai siffar taga na bakin tekun Dwejra, wato tagar Azure Window, kuwa ta rufta cikin teku a Maris na 2017, ko da yake har yanzu ana sayar da hotunanta.

Injiniya a Sisili: Ƙanena, ka sa iska a lissafinka. Ranar da muka tsara zuwa Komino teku ya yi fushi, ƙananan jiragen suka ƙi tashi, muka wuni a Victoria, babban birnin Gozo, muna zagaya ganuwarta. Ka bar kwana ɗaya a buɗe, ka tafi da takalmin roba saboda kaifin duwatsu.

Ɗalibi a Italiya: Allah Ya saka da alheri. Zan ɗage tafiyar zuwa Satumba. Malam, motocin haya suna kaiwa har Ramla, ko sai na ɗauki shata?