Sabon tuba: da me ake fara gyaran rayuwarsa?

Ɗan Mabera:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwa. Akwai wani matashi a nan Sakkwato, ɗan gidan Kirista ne amma ya daɗe da barin sujada, sana'arsa awon hatsi a kasuwa. A taron farkawa na watan jiya ya fito gaba ya ba da ransa ga Almasihu, dattawa suka ce matasa su riƙe shi. In an ce tuba tana juya rayuwar mutum, a aikace da me ake farawa? Kuma me ke sa wasu bayan wata uku ka neme su ka rasa?

Dattijo Ishaku:
Ɗana, ku fara da mudunsa. A Luka 3:12-14 masu karɓar haraji da sojoji sun tambayi Yahaya Maibaftisma me za su yi. Bai ce kowa ya bar aikinsa ba. Masu haraji kada su karɓi fiye da ƙa'ida, sojoji su bar ƙwace su dangana da albashinsu. Don haka kada ku ce masa ya bar kasuwa. A duba ko mudu biyu gare shi, babba na saye, da wanda aka buga wa gindi na sayarwa. A duba algus: tsohon gero mai ƙwari a ƙasan buhu, sabo a sama. Ranar da ya koma mudu ɗaya, an fara.

Sai bashi. Ku zauna da takarda ya rubuta sunan kowane mai binsa da adadin kuɗin. Zakka, shugaban masu karɓar haraji, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga wanda ya cuta (Luka 19:8), amma ba doka aka kafa ba cewa kowa sai ya ninka huɗu. Inda ake kuskure shi ne zafin sabon tuba ya sa ya ce zai biya kowa a mako guda. Jari ya karye, gida ba cefane, sai ya ɗauko tsohon mudu. Ya ware wani abu ƙayyadadde duk mako, ya fara da mafi talauci cikin masu binsa, ya je da ƙafarsa ya faɗa wa sauran ranar da za su sa rai. Ku kuma gaya masa tun yanzu cewa ribarsa za ta ragu kafin masu saye su gane awonsa ya cika.

Mama Rifkatu:
Baba Ishaku ya gama maganar kasuwa. Ni damuwata daga tashi kasuwa zuwa ƙarfe goma na dare, nan ake rasa su. In da can wannan lokacin na mashaya ne ko wurin caca, hana shi kawai ba zai yi ba, sai an cika lokacin da wani abu: koyon waƙa, nazarin tsakiyar mako, ko cin tuwo a gidan wani ɗan'uwa.

Karatu kuma kada ku miƙa masa Littafi Mai Tsarki ku ce ya fara daga Farawa, zai kai Littafin Firistoci ya ajiye. Ya fara da Bisharar Markus, surori 16 ne, sura ɗaya a rana, sannan Bisharar Yahaya. Fassarar 1932 Hausarta ta yi wa yaran yanzu nauyi, ku nema masa ta 1980, ko ku sa masa ta sauraro a waya in karatunsa bai nuna ba.

Kuma tuba ba ta raba mutum da hakkin mutane. In yana da mata da ba ta bi shi ba, 1 Korantiyawa 7:12-13 ta hana shi sakinta muddin ta yarda ta zauna. Maƙwabtansa da abokan cinikinsa yawanci Musulmi ne, ya ci gaba da gaisuwa, da zuwa suna da ta'aziyya. Wanda ya tuba jiya yau ya tashi yana kushe addinin maƙwabci, wannan rashin tarbiyya ne.

Fasto Bulus:
Tambayarka ta biyu nake so in taɓa. Sau da yawa laifinmu ne. Mu ba shi makirufo ya yi shaida mako na biyu, mako na huɗu ya zama shugaban addu'a. 1 Timoti 3:6 ta hana ɗora sabon tuba kan shugabanci don kada girman kai ya kā da shi. Manzo Bulus kansa sai bayan shekara uku ya tafi Urushalima wurin Bitrus (Galatiyawa 1:18). Wasu kuma an yi masu alkawarin arziki, da ciniki ya ja baya suka ce an ruɗe su.

Amma wanda ya fi cin mutane shi ne kunya. Ya sha giya sau ɗaya, ya ga ba shi da fuskar shiga majami'a, Lahadi ɗaya ta zama biyar. Shi ya sa ba "matasa" a dunƙule za su riƙe shi ba. A ba shi mutum ɗaya, namiji da ya girme shi, mai riƙe sirri, wanda in bai gan shi ran Lahadi ba, zai je rumfarsa ran Litinin. In akwai ƙwaya a ciki, irin tramadol, a haɗa addu'a da asibiti, domin yankewa farat ɗaya na kawo rawar jiki da rashin barci.

Baftisma kuwa a tambayi fastonsa. A ikilisiyoyin ECWA da Baptist sai ya shiga ajin baftisma tukuna in ba a taɓa yi masa ba. In ɗan Katolika ne da aka yi wa tun yana jariri, ba a sakewa, wurin fada zai je ya yi ikirari.

Ɗan Mabera:
Na gode, iyayena. Baba Ishaku, waɗanda ya tauye wa awo shekara da shekaru fa, bai san su ba, yaya zai yi?

Dattijo Ishaku:
Littafin Ƙidaya 5:7-8 ya ce a biya abin da ƙarin kashi ɗaya cikin biyar, in mai hakkin ba ya nan kuma ba shi da dangi, a kai wa Ubangiji ta hannun firist. Ya ƙiyasta mudu nawa ne a wata, ya riƙa fitarwa da hatsi kaɗan-kaɗan, dattawa su raba wa gwauraye da marayu ba tare da an ambaci sunansa a sanarwa ba. Tsofaffin masu saye da har yanzu suke zuwa rumfarsa, waɗannan ya san su, ya riƙa yi masu gyara mai kauri a kan awo.