Yadda Faransawa ke sarrafa ruwan châtaigne, da yadda za a haɗa makamancinsa ba tare da barasa ba

Ɗan Nima:

Assalamu alaikum. Ina aiki a wani gidan cin abinci da ke Osu a nan Accra, kuma maigidan, wanda ya daɗe yana zaune a Faransa, ya ɗora mini aikin tsara abin sha na tarbar baƙi ga waɗanda ba sa shan giya, domin Musulmi da yawa suna zuwa mana cin abincin dare. Ya kawo kwalabe biyu masu kama da juna, ɗaya an rubuta mata crème de châtaigne, ɗayar kuma sirop de châtaigne, ya ce in yi wani abu da zai yi kama da abin da ake sha a can kafin a zauna cin abinci. Ina roƙon wanda ya san wannan sana'a ya bayyana mini yadda su masu abin suke amfani da shi, sa'annan ya nuna mini hanyar da zan bi ba tare da barasa ta shiga ba.

Tsohon Ma'aikacin Otal, Mamobi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara raba kwalaben nan tun yau, domin ta farkon giya ce. A dokar Tarayyar Turai, abin da ake sayarwa da wannan suna ba ya kasa kashi 15 cikin ɗari na barasa, kuma sukarinsa ba ya kasa giram 250 a kowace lita. Ta biyun sukari ne da ruwa da ɗanɗanon 'ya'yan itacen, amma duk da haka ka karanta bayan kwalbar, saboda wasu kamfanoni suna yin nau'o'in biyu.

Châtaigne ɗan itace ne mai ɓawo ja-ja da ke fitowa cikin kwanso mai ƙaya, kuma idan an gasa shi ɗanɗanonsa yana tsakanin gasasshen dankali da gurjiya. Yankin Ardèche a kudu maso gabashin Faransa shi ne ya fi shahara da nomansa, sai tsibirin Kosika, inda har giyar Pietra ake dafawa da garinsa tun 1996.

Abin da maigidanka yake nufi kusan tabbas shi ne kir. Asalinsa daga yankin Burgundi na Faransa ne, inda ake zuba giya mai zaƙi ta cassis, wasu ƙananan 'ya'yan itace baƙaƙe, a ƙasan kofi a cika da farar giyar inabi ta aligoté, kuma ya samo sunansa daga Félix Kir, limamin coci da ya riƙe magajin garin Dijon daga 1945 har rasuwarsa a 1968, wanda ya saba tarbar baƙin gari da shi. Mutanen Ardèche sun maye gurbin cassis da châtaigne, suna kiran nasu castagnou. Mai zaƙin ake fara zubawa, kaɗan, sa'annan a bi shi da giyar inabi mai sanyi marar zaƙi, ta yadda za su gauraya da kansu ba sai an juya da cokali ba. Wasu suna sa shampen ko giyar tuffa a madadin farar giyar, wasu kuma suna ɗiga mai zaƙin cikin gahawa ko a kan askirim bayan an gama cin abinci.

Abin lura a nan shi ne aikin da farar giyar take yi, wato kawo tsami da kaifi da za su karya zaƙin. Duk abin da za ka sa a gurbinta dole ya ɗauki wannan nauyi, in ba haka ba baƙo zai ƙoshi da sukari kafin abinci ya iso gabansa.

Hajiya Mai Girkin Biki, Aboabo, Kumasi:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni kuwa zan ƙara da abin da hannu ya saba. Ɗana, kada ka haɗa shi da ruwan inabi na kwali shi kaɗai, domin zaƙi ne a kan zaƙi. Ka zuba cokali ɗaya na cin abinci na sirop ɗin a dogon kofi mai sanyi, ka matsa lemun tsami kamar rabin ƙaramin cokali, ka cika rabin kofin da ruwan tuffa, ragowar kuma da soda. Launin zai fito ruwan zuma mai haske, kumfa tana tashi a hankali daga ƙasa, kuma ƙamshin gasasshen ɗan itacen sai ya biyo baya bayan an haɗiye. Idan ka sa ƙanƙara da yawa, wannan ƙamshi shi ne farkon abin da zai ɓace, don haka gara ka sanyaya komai a firiji tun da rana. Ga wanda ke son ɗan ɗaci, tonik ya fi soda dacewa. A lokacin hunturu kuwa, cokali ɗaya cikin madara mai zafi ko gahawa yana karɓar baki sosai.

Malamin Makaranta, Asawase:

Ina da gyara ɗaya da shawara ɗaya. Hajiya, da izininki, ina ganin cokali guda ya yi yawa ga ƙaramin kofi, musamman idan ruwan tuffar mai sukari ne, don haka a fara da rabi a ɗanɗana. Akwai kuma gwangwanin crème de marrons, wanda kamfanin Clément Faugier na garin Privas yake yi tun 1885. Shi ba giya ba ne, ƙullun châtaigne ne mai kauri da ake shafawa a burodi ko a ɗora a kan askirim, kuma ba ya narkewa da kyau cikin abin sha mai sanyi. Shawarata ita ce ku ware ma'auni da kofuna na wannan haɗi daban, kuma kada a rubuta masa kir a takardar abinci, domin baƙon da ya san sunan zai ɗauka giya ce ya ƙi taɓawa.

Ɗan Nima:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, shin idan na sa sobolo, wato zoɓo, marar sukari a madadin ruwan tuffa, tsaminsa ba zai danne ƙamshin ba?

Hajiya Mai Girkin Biki:

Zai danne shi idan ka dafa shi da kauri irin na kasuwa, da citta da kanumfari. Ka jiƙa ganyen kaɗan a ruwan sanyi ya kwana, ka tace, kada ka sa masa kayan ƙamshi ko ɗaya, sa'annan ka cire lemun tsamin daga haɗin, tunda sobolon ya riga ya kawo tsamin da ake nema.