Don Allah akwai manhajar da ke kulle wayar direba in mota na gudu?

Mai_Sharon_Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da motocin haya guda biyu da ke lodin Kano zuwa Kaduna, kuma fasinjoji sun fara kawo min ƙarar ɗaya daga cikin direbobin, wai hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waya, har saƙon murya yake turawa a WhatsApp yana tsaka da wuce tirela. Yaron kirki ne wallahi, balas ɗinsa bai taɓa yin ƙasa ba, shi ya sa ba na son korarsa amma rayukan mutane ne a hannunsa. Akwai abin da zan sa a wayar ko a motar da zai hana shi taɓa ta? Kuma me doka ta ce ne?

Injiniya_Zoo_Road:
Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai, iPhone na da shi tun 2017, wayar da kanta take gane mota ta tashi sai ta toshe sanarwa, ta mayar wa mai saƙo da amsa cewa ana tuƙi. Android ma akwai irinsa a saitin kar a dame ni. Matsalar dai maɓalli ɗaya ne zai danna ya ce shi ba direba ba ne, shikenan ta buɗe, in ma ka matsa masa zai sayi ƙaramar rakani kashi ya sa a aljihu. Ni da zan ba ka shawara kyamara za ka sa, irin mai fuska biyu, ɗaya na kallon titi ɗaya na kallon direba, duk dare ka zare memori ka duba. In ya san ana ganinsa kunya kaɗai ta isa ta rage rabin abin.

Ka yi masa lissafi kuma ya ji da kunnensa, mota a gudun kilomita 90 tana cin mita 25 duk daƙiƙa ɗaya, ya duƙar da kai daƙiƙa huɗu ya karanta saƙo ya shafe mita 100 ke nan ido rufe, tsawon filin ƙwallo guda.

Direban_Hanya:
Ranka ya daɗe ni sana'ata ce wannan, bari in faɗi namu ɓangaren. Ba hira ke sa mu ɗaga waya ba yawanci, wanda ya ba mu saƙon kaya ne zai ta kira kun zo ina, kun wuce Kwanar Dangora? ga ɗan kamasho na kira a ajiye masa kujera, ga mai mota shi ma yana kira ya ji ko an cika, in ba ka ɗaga ba a ce ka fara girman kai ko ka gudu da kayan mutane. To ka fara da kanka Alhaji, kar ka kira shi in ka san yana kan hanya. Sannan lambar da ake bai wa masu saƙo ta zama a hannun yaron mota ko wani a tasha, ba a hannun mai tuƙi ba. In ba a gyara wannan ba ko wace manhaja ka sa zai kashe ta, don abincinsa na cikin kiran nan.

Maman_Ilham:
Mu fasinjoji ma da laifinmu, ka yi magana sai na kusa da kai ya ce Hajiya ki yi shiru kar ki ɓata masa rai, ajali in ya zo ya zo. Haba! Tawakkali ai ba ganganci ba ne. Ku rubuta lambarku a jikin kujera Alhaji, wanda ya gani ya sanar da ku.

Abu_Jidda:
Maganar doka, a Najeriya laifi ne a dokar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta 2007, tarar da aka daɗe ana yi naira 4,000 ce, kuɗin da yau bai kai na man lita biyar ba, wa zai ji tsoro? Kuma sai jami'i ya gan ka da idonsa. Nan Saudiyya kyamarorin titi da ake kira Saher ne ke ɗaukar ka da waya a hannu, ba mai tsayar da kai ba mai roƙo, saƙon tara kawai zai shigo maka, riyal 500 zuwa 900. Ingila tun 2017 fam 200 ne da makin laifi 6 a lasisi, in sabon direba ne lasisin ma ya tafi ke nan. Amma fa kyamara ba ta aiki sai lambar mota na ɗauke da sunan mai ita na gaskiya da lambar wayarsa, mu kuwa mota ta wuce hannu uku takardu na sunan mutumin farko.

Wani abu kuma, kar ka ce ka saya masa iyafis an gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai waya yana tuƙi haɗarinsa ya kai kusan ninki huɗu, kuma sa abin kunne bai rage wani abin kirki ba, saboda hankalin ne ke tafiya wajen maganar.

Mai_Sharon_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan buɗe layin saƙo daban in bar shi a tasha, lambar jikin kujera ma zan sa. Injiniya nawa kyamarar take yanzu, kuma tana jure zafin gilas da rana? Motar wuni take a waje.