Muhawara: Shin batirin mota ya isa cajin keken lantarki a daji?

Alhaji, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Na gyara tsohuwar bas ɗina, na sa mata katifa da wurin girki, domin idan kaka ta yi nakan kwana a gonata ta wajen Soba, inda babu wutar NEPA, keken lantarki kuma da shi nake zagaya gona in leƙa ƙauye. Ra'ayina shi ne, mai batirin mota lafiyayye da ƙaramar inbata ba ya buƙatar kashe kuɗi a kan sola: ya jona caja da daddare, gari na wayewa keke ya cika, mota kuma ta tashi.

Mai rewaya, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ban yarda da wannan magana ba, kuma lissafi ne hujjata. Batirin keke mai bolt 48 da amfiya-awa 14 yana ɗaukar wat-awa 672. Kafin wuta ta bi ta inbata, ta bi ta caja, ta shiga keken, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a zafi, saboda haka abin da za a zuƙa daga mota ya kai kusan wat-awa 900. Batirin mota mai bolt 12 da amfiya-awa 75 kuwa, duk abin da ke cikinsa bai wuce wat-awa 900 ba. An ƙera shi ne domin ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙoƙi ya tayar da inji, altaneta, wato na'urar da ke cajin batiri idan inji na aiki, ta mayar masa. Idan aka riƙa tatse shi har ƙasa, farantan dalmar da ke cikinsa suna lalacewa, wata safiya a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas kawai, alhali babu wanda zai tura bas a tsakiyar gona.

Alhaji, Tudun Wada:
Malam, lissafinka na ji shi, amma abin da ido ya gani ya fi lissafi. Motata ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Malama, Samaru:
Baba, abin da ka gani gaskiya ne, sai dai bai rushe maganar Malam ba. Zagayen gona ba ya cinye batirin keke duka. Idan rabi ka ci, rabin batirin motar kake ja, shi ya sa take tashi, amma kwanakinsa suna raguwa ba ka sani ba. Ni abin da ya fi damuna ma daren da kake cajin ne. Batirin lithium, irin na keken, idan ya kama wuta ba a iya kashe ta da sauƙi, hayaƙinsa guba ne, kai kuma kana barci kusa da shi a mota rufaffiya. Don Allah a riƙa caji ido biyu, a waje, a inuwa, nesa da katifa da buhunan masara, musamman a bazara, domin ba a so a yi wa irin wannan batiri caji idan zafinsa ya wuce digiri 45.

Direba, Kwangila:
Ni ina bayan Alhaji. Ai sai ya bar inji a kunne, altaneta tana zuba wuta, batiri ba zai sauka ba.

Malama, Samaru:
Yaya, cajar amfiya 2 tana buƙatar wajen awa 7 kafin ta cika wannan batirin daga ƙasa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da awa 7 na fetur yake nufi. Mafi muni, hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana kashe mai barci bai farka ba. Wannan shawarar kada kowa ya gwada ta. Caji a lokacin da ake tafiya a kan hanya kuwa daidai ne, tunda injin dama aiki yake yi.

Alhaji, Tudun Wada:
Maganar barci kusa da batiri na karɓa. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da kuɗi: farantin sola da batiri na biyu da na'urar daidaita caji sun fi batirin mota tsada, ko da zan riƙa sauya shi.

Mai rewaya, Sabon Gari:
Ranka ya daɗe, ba lallai sai da babban batiri na biyu ba, idan za ka mayar da cajin rana. Farantin wat 300 a rufin bas zai iya ba da fiye da wat-awa 1,000 a yini mai hasken rana a yankinmu, cajar keken kuma wajen wat 110 take ja, don haka faranti yana ciyar da ita kai tsaye, ƙaramin batirin sola yana tare giɓi idan gajimare ya gitta. Ka fita gona da sassafe, ka jona keken da hantsi zuwa la'asar. Abu biyu ne sharaɗi: inbatar ta kasance mai tsabtatacciyar wuta, wadda ake kira "pure sine wave", domin mai araha tana sa wasu cajoji ƙugi da zafi, sannan a riƙa goge farantin kowace safiya idan hunturu ya shigo, saboda ƙurar da hazo yake saukewa tana rage wutar sosai, lokacin girbi kuma shi ne lokacinta.